Wa Ya Raba Samari Da Kayan Kiɗa?

Jama'a, akwai wata magana da ta cika bakin manya, wai waƙar rap, wadda muke ce wa gambarar zamani, ita ce ta hana samari koyon kayan kiɗa. Ni dai akawu ne, aikina kuwa ya koya mini kada in rubuta wa mutum laifi sai na bi asalin magana.

A unguwar Bronx ta birnin New York, can Amurka, aka haifi wannan waƙa. Ran 11 ga Agusta 1973 wani saurayi haifaffen Jamaika, ana ce da shi Kool Herc, ya tara samari wasa. Ba shi da ganga, ba shi da ƙaho, sai garmaho biyu. Ya riƙa maimaita wurin da ganga ta fi daɗi a cikin faifai, ana rawa, ana jefa magana a kai. Sa'an nan a 1975 baitulmalin birnin ya kusa karyewa, aka sallami dubban malamai, darasin kiɗa kuwa yana cikin abin da aka fara yankewa a makarantu. To, yaron da aka rufe masa ɗakin koyon busa, ubansa kuma ba shi da kuɗin ƙaho, me zai busa? Da abin da ya samu ya yi kiɗansa.

Ban ce rap ba ta da nata laifin ba. Na'ura ta rage wa yara haƙuri, gama yaro yakan haɗa kiɗa da kwamfuta a yini guda, alhali jita sai an yi shekaru ana fama da ita. Amma ga ƙungiyar The Roots ta birnin Philadelphia, 'yan rap ne sosai, da hannunsu kuwa suke kaɗa ganga da jita. Ashe rap ba ta hana mai so koyo.

Gambarar zamani ta iso Kano da Yamai, nan ma ana ɗora mata laifin nan. Amma tun cikin shekarun 1990 fiyano ya ture kalangu a waƙoƙin fim. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi ya rasu a 2015, muna ta yabonsu. Cikinmu wa zai yarda ɗansa ya rataya kalangu? Sai mu ce roƙo ne, har mu hana makaɗi auren 'yarmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka in da gaske muke, hukuma ta sayi goge da kalangu da algaita ta ajiye a makarantu, ta ɗauki tsofaffin makaɗa su koyar, ta biya su albashi kamar kowane malami, tun suna da rai. Mu iyaye kuma mu daina kunyar sana'ar da muke jin daɗinta ran biki. Allah ya sa mu gane, amin.