'Yan fim, a riƙa tsagaitawa mana!

Duk wanda ya saba zuwa lokeshan ya san yadda abin yake. Jarumi zai gama sin ɗin kuka da hantsi, kafin azahar ya faɗa mota zuwa aikin wani furodusan inda zai yi barkwanci, ga waya manne a kunne ana tambayarsa yana ina. In darakta ya ce a fara, gangar jiki ce kawai a gaban kyamara, hankalin yana can wani wuri. Shi ya sa 'yan kallo ke ƙorafin cewa fuska ɗaya suke gani a fim goma.

Tun zamanin kaset, lokacin su Sangaya da Wasila, ake fama da wannan. Da finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube, inda duk mako sai an saki sabon kashi, sai abin ya ƙara muni.

Ya kamata 'yan industiri su ɗauki darasi wajen masuntan ƙasar Yawuri a Jihar Kebbi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai, aka sauya wa dubban mutane matsuguni, ciki har da Gungawa. Mutanen Yelwa, Ngaski da Shanga sun san ruwa ba ya son garaje. Gogaggen masunci ba ya barin gona ya auka kwalekwale kai-tsaye. Sai ya tsaya a gaɓa, ya dubi sama, ya lura da iska, ya duba komarsa, ya yi bisimilla, sannan ya tura.

Ranar da aka kasa tsayawa a lissafa kuwa, ana ji a jika. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nitse kusa da Wara a Ngaski, gomman mutane suka rasu. Hukumomi sun ɗora laifin kan lodi fiye da ƙima. Allah Ya jiƙansu.

Ƙwaƙwalwar jarumi ma tana da iyakar lodin da za ta ɗauka. Minti biyar kacal tsakanin sin da sin ya isa: a kashe waya, a sha ruwa, a sake duba labarin, a tuna wa za a zama. In lokacin salla ya yi, a yi ta da natsuwa, ban da ƙotan kurciya don rana za ta faɗi. Furodusan da ke ganin asarar lokaci ce, ya lissafa sau nawa yake maimaita ɗauka saboda jarumi ya manta zancensa. Sauri dai ya kan haifi nawa.