Gini Ya Tsira, Talaka Fa?

Jama'a, yau bari mu ɗan leƙa Landan, domin akwai wani gini a can da labarinsa ya kamata duk mai kishin talaka ya sani. Sunansa Centre Point, bene ne mai hawa 34 a tsakiyar birnin, daidai inda titin Oxford ya haɗu da Tottenham Court Road. An kammala shi a 1966 don ya zama ofisoshi. Mai shi, attajirin nan Harry Hyams, sai ya garƙame shi ya bar shi ba kowa har shekara tara, yana jiran kamfani ɗaya da zai kama hayarsa baki ɗaya. Shi bai yi asara ba, don kullum darajar ginin hawa take yi, alhali ga matasa nan suna kwana a bakin titi a unguwar. Da tura ta kai bango, a watan Janairun 1974 masu fafutukar samar da muhalli suka kutsa ciki suka mamaye shi na kwana biyu.

A 1995 gwamnati ta saka Centre Point a jerin gine-ginen tarihi da doka ke karewa, a mataki na biyu. A Ingila wannan ba ado ba ne. Dokar 1990 ta ce duk ginin da ya shiga jerin, ba ka da ikon rushe shi ko yi masa gyaran da zai taɓa kamanninsa na tarihi, ciki ko waje, sai da izini na musamman daga ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2. Ko da gwamnati ta sassauta doka a 2013 don a riƙa mayar da ofisoshi gidajen kwana ba tare da dogon neman izini ba, ta kuma ƙara faɗaɗa sassaucin a 2021, ba ta saka gine-ginen tarihi a ciki ba. Su dole sai an zo gaban hukuma.

To nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin Almacantar ya sayi ginin a 2011, ya nemi mayar da shi gidaje. Ƙaramar hukumar Camden ta ƙi tsarin farko, sai da aka sake shi sannan ta amince. Aiki ya kammala a 2018: gidajen alfarma 82 a cikin benen, na can ƙololuwa an yi masa kuɗi fam miliyan 55. Gidaje masu sauƙin kuɗi da aka gina a gefe kuwa guda 13 ne kacal. Kafin shekarar ta ƙare ma kamfanin ya dakatar da tallar waɗanda suka rage, wai tayin da ake yi ya yi ƙasa. Kun ji fa. Ginin da aka mamaye saboda an bar shi ba kowa, bayan shekara 44 ga ɗakunansa a kulle ana jiran mai tsoka.

Mu dai ba mu ga laifin mayar da tsohon ofis ko shago gidan kwana ba. Ginin da ba kowa a ciki mutuwa yake yi: rufi ya fara yoyo, ƙarfe ya yi tsatsa, wata rana a ce ya zama haɗari a kawo katafila. Wanda ake kwana a cikinsa kuwa ana share shi, ana gyara shi. Kuma mun yarda aikin na cin kuɗi. Ofis ba a gina shi da kicin da bayi a kowane ɗaki ba, sai an ja bututun ruwa, an shirya hanyar tsira daga gobara, duk ba tare da an ɓata fuskar ginin ba. Ɗan kasuwa ba sadaka ya zo yi ba, dole ya ci riba.

Amma izinin nan da hukuma ke bayarwa ba kayan gadon shugaban ƙaramar hukuma ba ne, dukiyar jama'a ce. Sa hannu ɗaya na iya ninka darajar gini, don haka ranar da ake sa hannun ita ce ranar ciniki, ita ce ranar da wakilin talaka ke da abin riƙewa. In ya saki da arha, shi ke nan, an yi ba za a sake ba. Ko gidaje 13 ɗin nan ba kyautar kamfani ba ce, sharaɗin izini ne. Da ba a tsaya ba, da wataƙila ko ɗaya babu. Da an ƙara tsayawa, da sun fi haka.

Saboda haka 'yan uwa, duk inda kuka ji za a sauya wa tsohon gini aiki, kada hoton fenti da fitilu ya ɗauke muku hankali. Ku tambaya: wa ya ba da izini, kuma a fili aka yi ko a ɗaki? Me aka hana a taɓa a jikin ginin? Masu sana'ar da ke ciki ina za su koma? Gida nawa aka ware wa malamin makaranta da direba da ma'aikaciyar jinya? Wakilin da ya kasa amsa waɗannan, ku riƙe sunansa har ranar zaɓe.