Yaronku ya san Shikago, ku tambaye shi Ɗan Baskore

Makon jiya wani ɗalibina ya shigo aji sanye da rigar gwanjo mai hoton kan jan sa, an rubuta Chicago Bulls a ƙirji. Na tsokane shi na ce, wannan garin da ka ɗauko a ƙirji ina yake? Ai kuwa yaro ya buɗe baki kamar rediyo. Ya ce Shikago a Amurka take, a bakin wani babban tafki, gari ne mai dogayen benaye da sanyi mai tsanani, can Michael Jordan ya yi ƙwallon kwando, can kuma Obama ya fara siyasa. Duk a wayar wansa ya gani. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai na juya ga ajin na ce, to wane ne Ɗan Baskore? Aka yi tsit. Can wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, sunan lise ne a Maraɗi."

Daga Ɗan Issa zuwa Maraɗi ba a cika awa ɗaya a mota. Can muke kai marar lafiya in abin ya fi ƙarfinmu, can muke sayen kayan ɗaki in za mu aurar da ɗiya. Amma yaran da muke koyarwa sun fi sanin wani gari na bayan teku. Na san abin da wasunku za su ce: waya ce ta lalata yara. Ni ban yarda ba. Waya ta ba yaron nan labari ya riƙe. Mu malamai da iyaye me muka ba shi ya ƙi riƙewa?

Tun da Shikago ce ta kawo maganar, bari mu duba yadda mutanenta suke yi da tarihinsu. A watan Oktoba na 1871 gobara ta cinye tsakiyar garin, mutum kusan 300 suka mutu, kusan 100,000 suka rasa wurin kwana. Suka sake gina shi, har a 1885 suka ɗaga benen da ake ƙirgawa a matsayin kakan dogayen benayen duniya. Ba su ɓoye wannan masifa ba. Tutar garin tana da jajayen taurari huɗu, ɗaya daga ciki na gobarar ne, don haka duk yaron da ya tambayi ma'anar tauraron sai an ba shi labarin 1871. Mutumin da suka ɗauka shi ne ya fara kafa zama a wurin, Jean Baptiste Point du Sable, baƙar fata ne, ɗan kasuwa. An daɗe ana yin biris da shi, amma jama'a suka yi ta matsawa har a 2021 aka sa wa babbar hanyar bakin tafkin sunansa.

To, a shekarar 1837 Shikago ta zama birni a hukumance. A lokacin Maraɗi ta kusa shekara ashirin tana da sarki da fada da mayaƙa.

Ga labarin a taƙaice, don iyayen da su ma ba a ba su ba. Bayan mutanen Shehu Usman Ɗan Fodiyo sun ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi gudun hijira arewa, har Damagaram. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi, cikin kwarin Gulbi mai duhun itatuwa, inda doki ba ya sukuwa yadda ya so. Sunan garin ma sunan wata sarauta ce ta Katsina. Shi ya sa har gobe sarkin ake kiransa Sarkin Katsinan Maraɗi, shi ya sa kuma ake da Kaura da Durbi da 'Yandaka da Galadima a nan kamar yadda ake da su a can. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, aka kashe Sarki Rauda na Maraɗi da Sarkin Gobir Ali. Gobirawan da suka rage suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗi. Ɗan Baskore kuwa, wanda yarinyar nan ta ɗauka gini ne, sarki ne da ya yi shekara ashirin da wani abu kan gado, har zuwa wajen 1875, ya hana Katsina barci, mayaƙansa suna kai hari har ƙasar Kano.

A nan ne gizo yake saƙa, kuma ina so mu faɗa wa juna gaskiya. Ba mantuwa kaɗai ta sa muka yi shiru da wannan tarihi ba. Kunya muke ji. Yau Maraɗi gari ne na malamai da makarantun Islamiyya da wa'azi a kowane lungu, sai ya zama da nauyi mutum ya tsaya gaban yara ya ce kakanninmu su ne suka yi shekaru da dama suna yaƙi da daular Sakkwato. Wani abokin aikina ya taɓa ce mini, "Malam, bar tone-tone, kada yara su ɗauka kakanninsu arna ne." Na ce masa ai shirun namu ne zai sa su ɗauki haka, ranar da wani zai ba su labarin rabi da rabi a intanet. Sarakunan Maraɗi musulmi ne, suna da limamai, unguwar Limanci tana nan ba ta ɓace ba. Akwai bori kuma a fada, Iya ce shugabarsa. An kai hari an kamo bayi, ta wannan ɓangare da ta wancan. Duk ya faru. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai iya jin cewa Shehu babban malami ne mai gyara, ya kuma ji cewa waɗanda aka raba da garinsu sun yi faɗa don su koma, kansa ba zai fashe ba. Mu da ke zaune a bakin iyaka, rabin danginmu a Jibiya da Katsina, mun fi kowa buƙatar yara su san yadda aka yi gida ɗaya ya rabu, da yadda Faransa da Ingila suka zo daga baya, tsakanin 1906 da 1908, suka kafa turaka a kan tsagar. Wanda ya san haka ba zai kira ɗan Jibiya baƙo ba.

Sai kuma abin da ya fi ƙona mini rai. Mu ma muna da tamu 1871. A 1945 Gulbi ya cika ya yi ambaliya ya rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Turawan mulki suka sa aka tashi aka hau tudu, aka yanka filaye layi-layi, tituna a miƙe. Wannan shi ne dalilin da ya sa in ka shiga Maraɗi ba ka ganin lungunan nan masu murɗiya irin na cikin birnin Kano ko Birnin Damagaram. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu: Bagalam, 'Yandaka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi. Gari guda ya ɗauki kansa ya canza wuri. Ina tauraronmu? Yara nawa ne a jihar nan suka taɓa jin wannan shekara a bakin malami? Ni kaina ba a makarantar horon malamai na ji ta ba, a bakin wani tsoho na ji, muna jiran mota ta cika a tasha.

Halin garin ma mun bar wasu suna faɗa mana shi. Ka ce Maraɗi, sai a ce garin alhazai, garin fasa-ƙwauri. Alhazan ba daga sama suka faɗo ba. Gyaɗa ce ta fara yin su, lokacin da kamfanonin Turawa ke saye ana kai ta Kano ta hau jirgin ƙasa. Da farin shekarun 1970 ya karya gyaɗa, suka juya ga cinikin ƙetare iyaka, atamfa da taba da shinkafa su tafi, mai ya shigo. Wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Shi ya ga abin nazari, mu muna ganin abin gulma. A cikin wannan labari akwai darasin lissafi da na labarin ƙasa da na tattalin arziki, kuma yaranmu sun riga sun ɗanɗana shi a tukunyar gidansu. Sun ga abin da ya faru da kasuwar Ɗan Issa da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, sun sake gani bayan Yulin 2023. Ba wanda ya zaunar da su ya ce ga dalilin da ya sa gari kamar Maraɗi yake numfashi da hancin iyaka.

Za a ce manhaja ta cika, jarrabawa kuma ba ta tambayar Gawakuke. Gaskiya ne, ni ma ina tsoron sufeto kamar kowa. Amma ku duba abin da muke kira darasin tarihi: layi biyar na Faransanci a kan allo, yaro ya kwafe, ya haddace, ya zubar a takarda, ya manta kafin damina. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. In ba mu iya ba da labarin Ɗan Kasawa da Hausa na minti goma sha biyar ranar Juma'a ba, to me muka yi wa murna? Tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, a cikin gundumarmu suke, amma ajin da na tambaya 'yan kaɗan ne suka taɓa taka wurin.

Ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, tun Fabrairun 2021 aka aza harsashinta, ta Katsina da Jibiya za ta biyo. Jirgin ƙasa ne ya mai da Shikago uwar kasuwar hatsi da nama ta Amurka. In tamu ta iso, garin zai sake kama, baƙi za su cika shi, filayen da tsofaffi ke nuna wa da sanda suna cewa nan kaza yake za su koma shaguna. Wanda yake ɗan shekara goma lokacin ambaliyar 1945 ya kai casa'in yanzu. Nawa suka rage?

Ni dai na yanke shawara. Wata mai zuwa, ranar Asabar, zan ɗauki ajina mu tafi Maraɗi, mu tsaya ƙofar fada, mu gangara kwari mu ga inda tsohon gari yake, in lokaci ya ba mu mu biya ta Madarumfa a hanyar dawowa. Na aika wa iyaye takarda, dala ɗari kowane yaro kuɗin mota, wanda ba shi da hali ya zo mu yi magana. Na kuma ba kowane ɗalibi aikin gida: ya nemo mafi tsufa a danginsu, ya tambaye shi inda kakansa ya fito da abin da ya kawo shi nan, ya rubuto da Hausa. Iyaye, in yaro ya zo muku da wannan tambaya, don Allah kada ku ce ya tafi ya ba ku wuri. Mai rigar jan sa shi na naɗa ya riƙe littafin sunaye.