Kafso ba maganin mura ba ne

Da zarar hunturu ya kama, tari da mura suka cika gidajen Nima da Maamobi, sai ka ga jama'a sun nufi masu tallar magani a sayi kafso biyu ko uku a haɗiye. Mu dai a ganinmu wannan ɗabi'a neman ƙiba ce da ke jawo rama.

Dalili kuwa, bairas ne ke kawo mura, shi kuwa kafso irin su amoksilin bakteriya kaɗai yake kashewa. Kuma ba ya tantance mai cuta da mai amfani. A hanjin kowannenmu akwai ɗimbin ƙwayoyi masu amfani, waɗanda ke sarrafa dusar hatsi da wake da ganye, su fitar da sinadaran da ke daidaita garkuwar jiki har zuwa huhu. In aka karkashe su, garkuwar kan yi sanyi, ko ta wuce gona da iri ta kumbura huhu har numfashi ya gagara.

A 2011 masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun ga ɓerayen da aka ɗura wa irin wannan magani sun kasa yaƙar bairas ɗin mura yadda ya kamata. A 2021 kuma binciken masu korona 100 a Hong Kong ya nuna waɗanda ciwon ya fi tsananta gare su suna da ƙarancin ƙwayoyin nan, da yawan alamun kumburi a jini.

Idan ba a manta ba, korona ta sa an rufe iyakokin Aflao da Paga da Elubo daga Maris 2020 har Maris 2022. Duk ɗan kasuwa ya san jarin da ya karye.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa fatake: kada a sha kafso sai likita ya rubuta. Masu kasa shi a faranti su ji tsoron Allah, ribar sidi kaɗan ba ta kai ran maƙwabci ba. A riƙe waake da tuwo da miyar kuka ko ayoyo, da fura da nono mai tsabta. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa kuwa, musamman tsoho ko mai ciwon suga, a garzaya da shi asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.