Ra'ayinmu: Mai karɓar haraji shi ke da gyaran hanya

Duk damina labarin ɗaya ne a garuruwanmu na bakin iyaka. Magudanan ruwa su toshe, hanyar shiga kasuwa ta zama taɓo, motar hatsi ta kafe, kuɗin dako ya hau kan ɗan kasuwa.

Ga masu cin kasuwannin Illela, Jibiya da Maigatari, doka ba ta bar wani ruɗani ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran titunan cikin gari da magudanan ruwa, kula da kasuwanni da tashoshin mota, sanya wa gidaje lamba da kimanta su domin haraji. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Don haka muna kira ga shugabanninsu da su liƙa jerin hanyoyin da za su gyara da kuɗin kowace a ƙofar kasuwa, su kuma fara aiki tun da rani. Mai yanka rasit kowace ranar kasuwa ya kamata a ga aikinsa.

Mu ma da namu laifin. Wanda ya ɗora shago ko katangar gida a kan magudanar ruwa ya jawo wa maƙwabtansa ambaliya. Kafin a sa tubali, a nemi izinin gini, a ajiye takardar fili. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tsawata wa nasu tukuna, sannan bakinsu zai yi nauyi a gaban hukuma.