Rami na Uku a Jikin Soket

In kun koma gida yau, ku dubi soket ɗin ɗakinku. Ramuka uku ne da shi. Biyu na ƙasa su ke kai wuta su dawo da ita. Na sama kuwa, yawancinmu abin da muka sani game da shi kawai shi ne a cusa masa murfin biro don a samu a tura filogi mai ƙafa biyu. Wannan ramin muke son mu yi wa lauya a wannan mako.

Bayansa ya kamata a samu waya mai launin kore da ɗorawa, wadda masu wayarin ke kira atin, wato wayar ƙasa. Tana bi ta kowane soket har ta kai ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan robar wayar wuta ta cinye a cikin firji ko dutsen guga har ta taɓa ƙarfen jikinsa, wutar sai ta bi wannan waya ta gudu. Idan babu ita, wutar tana nan a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai taɓa. Sau da yawa ƙanwarmu ce, ba takalmi, ta fito daga wanke-wanke hannu a jiƙe. Mu kan ce "firjin nan yana ɗan ja" mu yi dariya, alhali gargaɗi ne yake yi mana.

A gidaje da yawa a nan Dogon Daji, in aka kwance soket, waya biyu kawai za a tarar. Mun san dalili. Wayar jan ƙarfe ta yi tsada, maigida ya sha kashe kuɗi a bulo da kwano, ga mai wayarin yana cewa ko babu ita ƙwai zai kama. Gaskiya ya faɗa, zai kama. Wani kuma zai ce wutar ma yaushe muke ganinta? To, janareta da injin sola su ma wajen bolt 230 suke bayarwa, daidai da wadda kamfanin Kaduna Electric ke kawowa jihar Sakkwato, kuma jikin mutum ba ya tambayar daga ina ta fito.

Abin da ya fi damun mu shi ne waɗanda suka kafa sandar suka ɗauka an gama. 'Yan ajin kimiyya, ku tuna dokar Ohm: a raba bolt da turjiya, sai a samu amfiya. A ce turjiyar da ke tsakanin sandar da ƙasa ohm 100 ce. Raba 230 da 100, ka samu amfiya 2.3. Fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku yawanci na amfiya 13 ne, saboda haka ba zai ƙone ba, wutar ta ci gaba da zama a jikin firjin. Shi kuwa ɗan Adam, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya rikita bugun zuciyarsa. Shi ya sa ake haɗa sandar da wani makunni da ake kira RCD, wanda ke yanke wuta nan take da zarar ta zurare da miliamfiya 30. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T, ana danna shi lokaci-lokaci a ga ko yana aiki.

Ga kuma ƙasarmu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana karɓar wuta da sauƙi, busasshen rairayi kuwa ba ya yi. Sandar da ta yi kyau a Agusta tana iya zama kusan kwalliya a Maris ko Afrilu, lokacin da rijiyoyi ma ke ja da baya. Gishiri da gawayin da ake zubawa a ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfen. Don haka muke ganin da rani ya kamata a auna, kuma da na'urar auna turjiyar ƙasa. Tasta mai ɗan haske a gindi tana nuna akwai wuta ne kawai.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya, tana kuma ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ba rashin kunya ba ne maigida ya ce, "Malam, mu ga takardarka, kuma ka auna atin a gabana kafin in cika maka kuɗi." Ku kai wa iyaye wannan magana cikin ladabi, amma kada wanda ya ɗauki sukudireba ya ce zai duba da kansa.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamin kimiyya shi ne a gayyato ƙwararre kafin ruwan farko, ya auna soket ɗin ɗakin gwaje-gwaje da na ofishin malamai muna kallo. Abin da na'urar ta nuna, za mu liƙa shi a wannan allo.