A Fara Koya wa Ɗan Talaka Karatu da Harshensa

A hutun da ya wuce na kira ɗan maƙwabcinmu, yaro mai wayo ɗan aji huɗu, na miƙa masa littafinsa na Turanci. Ya rattabo shafin farko ba tuntuɓe. Da na ɗora yatsa a kan kalma guda na ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Ashe hadda ya yi, ba karatu ba. Ubansa ɗan dako ne, kuma duk gidansu ba wata takarda sai wadda aka ƙunso ƙosai a ciki.

Haƙiƙa wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. An ɗora masa kaya biyu ne a lokaci guda, watau sanin haruffa da sanin baƙon harshe. Ɗan ma'aikaci yana jin Turanci a gida, yana kuma da mai duba masa aiki da dare. Ɗan talaka kuwa ba shi da kowa sai malami guda a ajin da ya cika maƙil.

A ganina, maganin shi ne a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya tashi da shi. Hausar boko kusan yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta. Wanda ya gane ba, bi, bu, ya kama hanya. Haka malaman allo ke bi, daga babbaƙu zuwa farfaru, ba su tsallake mataki. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, yaran kuwa ba a bar su a baya ba ko a Turancin ma. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a azuzuwan farko, amma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar komawa ga Turanci. Ina ganin kuskure ne, kuma ɗan talaka ne zai fi ɗanɗana kuɗarsa.

Wasu za su ce ai da Turanci ake jarrabawa, da shi ake aikin ofis. Gaskiya ne. Amma karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya iya shi da Hausa, Turanci kawai ya rage masa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu tsaya ga zargin hukuma. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, da ƙananan littattafan Hausa masu araha daga Zariya aka buɗe idon manya. Me zai hana ƙungiyarmu ta tara irinsu, kowannenmu ya zaunar da yara biyar a zaurensu kullum bayan la'asar har hutu ya ƙare? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.